Gungun da Ba Shi da Sarki Ma Dole Ya Kasance da Mai Shi

Duk wanda ya taɓa tsaron gonar shinkafa ko ta gero a lokacin da tsaba ta fara nuna ya san tsuntsayen jan-baki, kuma ya san cewa zuwansu ba ya kwatantuwa ga wanda bai gani da idonsa ba. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya aka fara tura ni fadama da asuba tare da yayyena. Muka ɗaura igiya daga wannan bakin gona zuwa wancan, muka rataya mata gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ni kuma aka ɗora ni a kan rumfar kara da majajjawa a hannu. Da hantsi ya fara sai ka hango wani abu kamar hayaƙi daga gabas, yana miƙewa yana naɗewa, ya yi siriri kamar rawanin da aka warware, sannan ya dunƙule wuri guda ya zubo kan shinkafa. Idan ka ja igiya gwangwanaye suka yi ƙara, dubban tsuntsaye za su tashi a lokaci ɗaya, su karkata gefe guda kamar tabarmar da iska ta ɗaga, ba tare da ko biyu daga cikinsu sun yi karo ba. Wata rana na tambayi kakana wanne ne sarkinsu a ciki, domin a tunanina na yaro idan na jefe shi sauran za su watse. Ya dube ni ya ce, "Ai ɗan nan, da suna da sarki da tuni manoma sun huta."

Wannan amsa ta tsoho ita ce masana kimiyya suka tabbatar da kayan awo, kuma ita ce injiniyoyi a Amurka da Turai da Sin suke ƙoƙarin zubawa cikin na'urori a yau. Suna ƙera ƙananan mutum-mutumi da jirage marasa matuƙa waɗanda za su yi aiki a gungu, ba shugaba a cikinsu, ba kuma mutum a zaune yana juya kowace ɗaya. Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, fasahar tana da amfani na gaske, kuma mu da muke zaune a bakin hamada muna cikin waɗanda za su fi cin moriyarta. Amma abin da ya ba gungu ƙarfi, wato rashin sarki, shi ne kuma abin da zai iya sa a wayi gari an yi ɓarna ba a san wanda za a kama da laifi ba. Don haka nake ganin kada a bar wani gungu ya tashi sai an rubuta sunan mutumin da zai ɗauki alhakinsa, kuma kada a taɓa ba gungu ikon zaɓen wanda zai kashe.

Yadda abin yake aiki ya fi sauƙi bisa yadda ido yake nuna wa mutum. A shekarar 1987 wani masanin kwamfuta Ba'amurke mai suna Craig Reynolds ya gabatar da wani tsari da ya sa tsuntsayen zane suka yi shawagi a fuskar kwamfuta tamkar na gaske. Bai zana musu hanya ba. Ya ba kowane ɗaya ƙa'idoji uku ne kawai: kada ka matse maƙwabcinka, ka fuskanci inda na kusa da kai suka fuskanta, kuma kada ka yi nisa da su. Daga waɗannan ƙa'idoji sai ga gungu yana rabuwa idan ya tarar da ginshiƙi, yana sake haɗewa a bayansa. Bayan shekaru ashirin, wasu masana a birnin Rum na Italiya, cikinsu har da Giorgio Parisi wanda ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar lissafin halitta a 2021, suka girka kyamarori a kan rufin wani gidan tarihi kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, suka riƙa ɗaukar hoton wasu baƙaƙen tsuntsaye da suke cincirindo a sararin birnin da yamma. Sakamakon da suka buga a 2008 ya nuna cewa kowane tsuntsu yana lura ne da maƙwabta shida ko bakwai mafi kusa da shi, ko sun matso ko sun ɗan yi nisa. Idan shaho ya kawo farmaki a gefe guda, na gefen za su kauce, na kusa da su su bi, labarin ya ratsa gungun gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, alhali babu tsuntsu ɗaya da ya ga gungun duka.

Gara da tururuwa suna da tasu dabarar, kuma ita ta fi ba ni mamaki. Masanin ƙwari Bafaranshe Pierre-Paul Grassé ya bayyana a 1959 cewa garar da ke gina suri ba ta karɓar umarni daga kowa. Aikin da aka riga aka yi shi ne yake gaya mata abin da za ta yi: idan ta tarar da ɗan curin laka mai ƙanshin 'yar'uwarta, sai ta ɗora nata a kai, a hankali curi ya zama ginshiƙi, ginshiƙai su haɗu su zama baka. Surin da muke gani a daji ya fi tsayin mutum, da ramukan shan iska a cikinsa, babu garar da ta taɓa ganin siffarsa. A 1989 kuma masana a jami'ar birnin Burasal ta Beljiyam suka ɗora gada mai reshe biyu tsakanin gidan tururuwa da abinci, ɗaya gajere ɗaya dogo. Da farko tururuwan sun rabu ta ko'ina, amma waɗanda suka bi gajeren reshe sun fi saurin zuwa da dawowa, ƙanshin da suke bari a ƙasa ya fi taruwa a can, ba a jima ba mafi yawansu suka koma ta nan. Marco Dorigo ya mayar da wannan ɗabi'a hanyar lissafi a kundin digirinsa na uku a birnin Milan a 1992, ana kuma amfani da irinta wajen neman hanya mafi sauƙi ga motocin rarraba kaya.

Daga nan zuwa ƙarfe da waya tafiyar ba ta da nisa. A 2014 wata tawaga a jami'ar Harvard ƙarƙashin Radhika Nagpal ta jera ƙananan na'urori 1,024 a kan tebur, kowace faɗinta bai wuce santimita uku da ɗoriya ba, kayan haɗa ta kuma na kimanin dala 14 ne. Ba su da taya, suna tafiya ne da karkarwa a kan siraran ƙafafu uku, suna magana da na kusa da su ta hasken da ido ba ya gani wanda ke dawowa daga fuskar tebur. Aka ba su hoton tauraro, suka riƙa zagaye gefen juna ɗaya bayan ɗaya har suka fitar da siffar, aikin da ya ci kusan awa goma sha biyu. A ƙasar Hangare, masu bincike a tawagar masanin kimiyya Tamás Vicsek sun tashi jirage marasa matuƙa guda 30 a fili a 2018, suna shawagi tare ba mai sarrafa su daga ƙasa. A 2022 masana a jami'ar Zhejiang ta Sin suka saki jirage goma masu girman tafin hannu cikin kurmin gora, suka ratsa shi kowanne yana gani da kyamararsa yana lissafi da ƙwaƙwalwarsa. A nan ya kamata a bambance wannan da wasan fitilu da ake yi a bukukuwa, irin jirage 1,218 da kamfanin Intel ya nuna a bikin buɗe wasannin Olamfik na hunturu a Koriya ta Kudu a 2018. Waɗancan kwamfuta ɗaya ce ta tsara wa kowanne inda zai tsaya, don haka fareti ne, kuma fareti yana da kwamanda. Gungu na gaskiya shi ne wanda idan ka ɗauke kashi ɗaya cikin goma na 'ya'yansa sauran za su cike gurbin su ci gaba da aiki.

Ina ganin amfanin wannan a fili, kuma ba na son a ɗauke ni cikin masu tsoron duk wani sabon abu. A duba maganar fara. Farar ɗango tana hayayyafa ne da damina a wuraren da mutum ba ya yawan zuwa, irin su Tamesna da Ayar a arewacin Nijar, da arewacin Mali, da Muritaniya da Chadi. Idan aka gano ta tun tana 'ya'ya marasa fiffike, 'yan motoci kaɗan da magani sun isa. Idan aka makara har ta yi fiffike, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa gungun da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da fara miliyan 40 ko fiye, yana iya cin abincin mutum 35,000 a yini guda, yana kuma iya tafiyar kilomita 150 kafin rana ta faɗi. Mutanen Nijar ba sa bukatar a ba su labarin wannan, domin farar 2004 haɗe da ƙarancin ruwa ita ta share fagen yunwar 2005 da ta addabi jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Masu sintirin fara kuwa har yau mutane ne a cikin mota, suna bin hamada mai faɗin gaske, wani yankin ma rashin tsaro ya hana su shiga. Ƙananan jirage ɗari masu arha da za su raba wa kansu fili, wanda ya ga kore ya kira na kusa da shi su duba da kyau, wanda ya lalace a bar shi a ci gaba, sun fi jirgi ɗaya mai tsada dacewa da wannan aiki. Haka nan idan bene ya rufta da mutane, ko ambaliya ta shanye gari kamar yadda ta yi wa Maiduguri a watan Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, babu abin da masu ceto suke bukata kamar idanu masu yawa da za su bazu lokaci guda. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji Bahaushe, kuma a irin waɗannan ayyuka maganar haka take, domin idan na'ura ɗaya ta yi kuskure abin da aka yi asara bai wuce batir da 'yan mintuna ba.

Sai dai masu tallar wannan fasaha sun cika nuna mana kyakkyawar fuskar halitta su ɓoye ɗaya fuskar. Kalmar da suke so ita ce "hikimar taro", kamar dai duk inda ƙwari suka taru hikima ce take fitowa. Ba haka ba ne. A 1921 masanin dabbobi William Beebe ya ba da labarin wani abu da ya ci karo da shi a dajin Guyana ta Kudancin Amurka. Wasu tururuwa dangin kwarkwasa, waɗanda kusan makafi ne kuma ƙanshin na gaba suke bi, sun ɓace wa babbar hanyarsu har kan layin ya haɗu da wutsiyarsa. Suka shiga zagaye a da'irar da kewayenta ya kai kimanin mita 370, kowace tururuwa tana ɗaukar awa biyu da rabi kafin ta dawo inda ta fara, suka yi ta yi har mafi yawansu suka mutu saboda gajiya. Abin lura shi ne babu tururuwa ɗaya da ta saɓa ƙa'ida. Kowace ta yi daidai abin da aka halicce ta ta yi, kuma wannan ƙa'idar ce take kai su ga abinci a sauran ranaku. Wanda ya tsaya ya binciki kowace tururuwa ita kaɗai ba zai samu aibu a jikinta ba, domin aibun yana cikin haɗuwarsu ne.

Ita kanta fara darasi ce mai ban tsoro. Masanin ƙwari Boris Uvarov ya gano a 1921 cewa farar da take zaune ita kaɗai, mai launin ciyawa, mai gudun 'yan'uwanta, ita ce dai farar da take rufe rana. Idan ciyawa ta fara bushewa suka matsu wuri guda, gogayyar ƙafafunsu na baya tana tayar da wani sinadari a jijiyoyinsu, kuma binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa cikin 'yan awoyi halinsu yake juyewa, su koma neman juna. Wani binciken na 2008 ya ƙara da abin da ya fi wannan muni: 'ya'yan fara suna tafiya a jere ne saboda suna cin junansu, wanda ya tsaya na baya zai cije shi, don haka kowa yana gudun na bayansa yana bin na gabansa. Tsarin da muke hange daga nesa muna sha'awa, yunwa da tsoro ne suke tuƙa shi. Na kawo wannan ne domin a gane cewa canjin adadi kaɗai yana iya canza halin gungu baki ɗaya. Injiniyan da ya gwada na'urori hamsin a filin jami'a ya ga sun yi lafiya ba shi da tabbacin yadda dubu biyar za su yi a sararin kasuwa ranar da ƙura ta tashi. Mun ma taɓa ganin ɗan misalin haka a wani fage dabam: ranar 6 ga Mayun 2010 kasuwar hannun jari ta Amurka ta rikito da kusan maki dubu cikin mintuna, ta kuma farfaɗo, yayin da manhajojin ciniki suke ta mayar wa juna martani, kuma sai da hukumomi suka shafe kusan wata biyar kafin su fitar da rahoton abin da ya faru.

Idan akwai halittar da ya kamata injiniyoyi su zauna a gabanta su ɗauki karatu, to ƙudan zuma ce. Masu amya sun san lokacin da zuma take tashi: gida ya cika, uwar ta fita da kimanin ƙuda dubu goma, su dunƙule a reshen bishiya kamar ƙwarya a rataye, su yi kwana ɗaya ko 'yan kwanaki a nan. Martin Lindauer a Jamus ya fara nazarin abin da ke faruwa a wannan zama tun shekarun 1950, Thomas Seeley na jami'ar Cornell kuma ya ɗora a kai da gwaje-gwaje a wani ɗan tsibiri mai suna Appledore, inda babu manyan bishiyoyi masu kogo, ya riƙa ajiye akwatuna masu girma dabam-dabam, wani mai cin lita 40 wani mai cin lita 15. Uwar ba ta da ta cewa a zaɓen sabon gida. 'Yan leƙen asiri ɗari kaɗan ne suke fita, wadda ta samu wuri ta dawo ta yi rawa a bayan 'yan'uwanta, rawar tana nuna shiyya da nisa, kuma gwargwadon kyawun wurin gwargwadon tsawon rawar. Hikimar tana cikin takunkuman da ke tattare da wannan. Ƙudar da ta kalli rawa ba ta kama rawa don ta ga ana yi, sai ta je ta duba wurin da kanta. Wadda ta yi rawa kuma, ko da wurinta ya fi kowanne, zumuɗinta yana raguwa a kowace dawowa har ta yi shiru ta bar wa wasu fage. Masu goyon bayan wuri ɗaya suna tunkuyar masu rawar wani wurin da ka don su dakata, wanda hakan yake hana taron rabuwa biyu. Sannan ba a tashi sai adadin da ya taru a bakin sabon gidan ya kai wani mizani. Bambancin zuma da waccan tururuwa mai zagaye ke nan: ita zuma an gina mata birki a cikin ɗabi'arta, kuma ba ta yin biyayya ido rufe. Wannan birki bai samu a dare ɗaya ba, kuma duk gidan zumar da ya zaɓi mugun kogo sanyi ya hallaka shi. Kamfanin da yake gaggawar kai kaya kasuwa ba shi da irin wannan dogon lokaci, kuma ba shi ne zai kwana a mugun kogon ba.

Yanzu sai maganar da ta fi damuna. A watan Oktoban 2016 jiragen yaƙin Amurka uku suka saki ƙananan jirage 103 masu suna Perdix a sararin wani sansanin gwaji a Kalifoniya, ma'aikatar tsaron ƙasar kuma ta yi alfahari da cewa ba su da jagora, suna yanke shawara ne tare, suna cike gurbin wanda ya faɗi. A watan Maris na 2021 rahoton kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya a kan Libiya ya ambaci cewa shekara guda kafin nan an yi amfani da jirgin Kargu-2, ƙirar kamfanin STM na Turkiyya, wajen farautar mayaƙan Khalifa Haftar, madugun sojan gabashin ƙasar, da suke ja da baya, kuma an tsara irin waɗannan makamai su kai hari ba tare da sun jira saƙo daga mai sarrafa su ba. Libiya tana da iyaka da Nijar da Chadi, kuma mun ga inda makamanta suka kwarara bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Yaƙin Yukiren kuma yana ƙara ingiza kowa ta wannan hanya, domin idan abokin gaba yana toshe sadarwa tsakanin matuƙi da jirginsa, mafita mafi kusa ita ce a koya wa jirgin ya ƙarasa aikin da kansa. A yankin Tafkin Chadi da Sahel ma ƙungiyoyin 'yan ta'adda sun riga sun fara amfani da ƙananan jiragen da ake sayarwa a kasuwa.

Mu a arewacin Nijeriya muna da tabon da ya isa ya sa mu yi magana a kan wannan da babbar murya. Daren 3 ga Disamban 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne aƙalla mutum 85. Mutum ne ya ga hoton, mutum ne ya ba da umarni. Saboda haka ne rundunar ta amsa cewa ita ce, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya nemi gafara, daga baya kuma hedikwatar tsaro ta ce za a gurfanar da jami'ai biyu a kotun soja. Mutum zai iya cewa wannan bai isa ba, ni ma ina ganin bai isa ba, amma aƙalla akwai ƙofar da iyayen mamatan za su ƙwanƙwasa. A ɗauka gungun jirage ɗari biyu ne suka yi wannan aiki, ɗaya ya ga taro, na kusa da shi suka ƙarfafa zatonsa kamar yadda tururuwa take ƙarfafa ƙanshin 'yar'uwarta, har zato ya zama hukunci. Kwamanda zai ce shi yanki kawai ya nuna musu. Kamfani zai ce kowace na'ura ta bi ƙa'idarta daidai, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Mai rubuta manhaja zai ce bai taɓa hango wannan yanayi ba, shi ma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. A ƙarshe gawawwaki suna kwance, kowa kuma hannunsa a wanke.

Na san hujjar da ake kawowa a ɗaya ɓangaren, kuma ba ta wasa ba ce. Ana cewa na'ura ba ta gajiya, ba ta firgita, ba ta ɗaukar fansa, kuma kuskuren Tudun Biri kansa na ɗan Adam ne, don haka wataƙila na'ura ta fi mutum sauƙin ɓarna. Amsata ita ce, ko da wata rana na'ura ta fi mutum iya tantance hoto, tantance hoto ba shi ne hukunci ba. Sanin cewa taron da ke ƙarƙashin bishiya da dare a watan Rabi'ul Awwal ko bayansa zai iya zama Mauludi, ko cewa mutanen da ke kan babura da sanduna 'yan rakiyar amarya ne, sani ne na wanda ya san mutane kuma yake tsoron a tambaye shi gobe, a duniya ko a lahira. Wannan tsoron tambaya shi ne birkin ɗan Adam. Kuma kuskuren mutum ɗaya yana tsayawa a kansa, amma na'urori dubu masu manhaja iri ɗaya idan suka yi kuskure tare za su yi shi, a lokaci guda.

Maganin da nake gani ga gungun da ba na yaƙi ba yana nan cikin al'adarmu tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Idan garken shanu ya shiga gona ya yi ɓarna, mai gari ba ya tambayar wace saniya ce ta fara tsallaka shinge, kuma makiyayi ba ya kare kansa da cewa shanun ne suka yanke shawara a tsakaninsu. Ana kiran mai garke, a je a ga ɓarna, a ƙiyasta, ya biya. Haka ya kamata doka ta ɗauki gungun na'urori. Kafin ya tashi a yi masa rajista da sunan mutum ko kamfani guda, wanda zai biya duk ɓarnar da ya yi ba tare da manomi ko ɗan kasuwa ya tabbatar da inda manhaja ta kuskure ba, domin ɗora wa talaka wannan nauyi daidai yake da hana shi haƙƙinsa. Kowace na'ura ta riƙa ajiye tarihin abin da ta gani da saƙon da ta karɓa daga maƙwabtanta, yadda masu bincike za su iya bin sawu. Kuma a samu hanyar da mutum zai tsayar da gungun duka da umarni ɗaya, wadda na'urar da ta daina jin mai ita za ta sauka ƙasa maimakon ta ci gaba da bin 'yan'uwanta. Injiniyoyi za su ce wannan yana rage wa gungu 'yancin da ya sa ya zama gungu, kuma haka ne, ragin da nake nema ke nan. Ko a teburin Harvard, mutane ne suka zana tauraron, kuma hannun mutum ne ya ajiye na'urori huɗu na farko da sauran suka auna matsayinsu daga gare su.

Ga makami kuwa diyya ba ta wadatar ba, sai hani. Ƙasashe suna tattauna wannan batu a birnin Janiba na Suwizalan tun 2014 ba a kai ga yarjejeniya ba, saboda manyan ƙasashen da suke ƙera makaman ba sa son a ɗaure musu hannu. A watan Oktoban 2023 babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya António Guterres da shugabar ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya Mirjana Spoljaric suka yi kira tare da a kammala yarjejeniya mai ɗaure ƙasashe kafin ƙarshen 2026. A Disamban wannan shekarar ta 2023 babban zauren Majalisar ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan makamai masu sarrafa kansu, ƙasashe 152 suka goyi baya, 4 suka ƙi, 11 suka ƙaurace. A watan Afrilun 2024 ƙasashen ECOWAS suka hallara a Firitawun ta Saliyo suka goyi bayan a yi doka. Wannan mataki ne mai kyau, amma takardar bayan taro ba ta hana jirgi tashi. Abin da nake so in gani shi ne masu yin dokokinmu, a Abuja da Yamai da Injamena, su rubuta a dokar sayen makamai cewa ba za a sayi wani makami da zai zaɓi mutum ya harbe shi ba tare da wani jami'i mai suna da lamba ya ga abin da za a harba ya amince ba, kuma masu wakiltar Igabi da Zurmi da Difa su ne ya kamata su fara gabatar da wannan ƙuduri, tun da mutanensu ne suke kwana a ƙarƙashin waɗannan jirage.